Kunun yarona yana tsinkewa kafin ya shanye, wa ya taɓa ganin haka?

Uwar goyo, Zariya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Sati biyu ke nan da na fara ba yarona kunun gyaɗa, watansa bakwai. Da kauri nake dama shi, in na ɗaga cokali sai ya ɗan tsaya kafin ya zubo. Amma kafin mu kai rabin kofi ya tsinke, kamar an ƙara masa ruwa, alhali ko ɗigo ban sa ba. Abin yana damuna ƙwarai, don tsinkakken kunu ba ya riƙe masa ciki, awa ɗaya ya fara kuka. Yawan juyawar da nake yi don ya huce ne ya jawo?

Hajiya, Katsina:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki duba cokalin. Yana shiga bakin yaro yana komawa cikin kofi, yawu ne yake tsinka miki kunu. 'Ya'ya bakwai na yaye, duk na ga haka. Ki riƙa tsiyaya kaɗan a wani ƙaramin kofi, ya shanye ki ƙara, sauran ki rufe. Mu tun muna yara aka hana mu mayar da ludayin da muka kai baki cikin ƙwaryar gida.

Malamin kimiyya a sakandare, Kano:
Hajiya ta gama magana, ni dalili kawai zan ƙara. Kaurin kunu daga sitacin hatsi yake. In zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 75, ƙwayoyin sitacin sai su sha ruwa su kumbura su cushe da juna. Shi ya sa koko ba ya damuwa da ruwan da bai tafasa ba. A cikin yawu kuma akwai wani sinadari, amiles, aikinsa yayyanka sitaci ya mai da shi sukari, kuma ɗan kaɗan ya isa ya sassauta kofi guda. Irinsa ne a cikin ɗanyen dankalin Hausa da ake niƙawa a kunun zaƙi, shi ke sa shi ya saki ya yi zaƙi. Juyawa ma tana sassauta kunu, amma ba ta mai da shi ruwa haka.

Mai koko da ƙosai, Funtuwa:
Malam, to ga wanda ya fi ɗaure mini kai. Kamun masara in ya kwana ya kwanta a ƙasan bokiti, na tsiyaye ruwan sama, in na caka cokali da ƙarfi sai ya ƙi shiga, ya tsage kamar ƙasar fadama da rani. In na ɗebo dunƙule na riƙe a tafin hannu ban motsa ba, sai ya narke ya bi tsakanin yatsuna. Yarinyar da ke taya ni ta karya mini ludayin duma da asuba don tana sauri. Yanzu na koya mata ta nutsa hannu a hankali, shi ke nan sai ya ba ta hanya.

Malamin kimiyya:
Haka ne, Yaya. Wancan ɗanyen sitaci ne, ƙwayoyinsa ba su kumbura ba, ruwan da ke tsakaninsu kuma kaɗan ne. In kin matsa da sauri sai su cije da juna.

Mai ƙuli-ƙuli, Gusau:
Ni shekara goma sha biyar ina matsar mai, kuma har yau abin yana burge ni. Gyaɗa in ta dawo daga inji, da ɗuminta, zuba take kamar zuma. Hankali zai ce in ka sa mata ruwa ƙara sakewa za ta yi. Ina! Nakan juye ta a turmi, in yayyafa ruwan zafi kamar rabin ludayi, in kama juyawa da muciya. Zagaye goma na farko ba wuya. Daga nan sai ta fara nauyi, ta yi duhu, ta kama muciyar har kafaɗa ta fara ciwo. A nan sababbin shiga suke tsorata su ce ta lalace. Kar ki tsaya. Ki ƙara yayyafi kaɗan, ki ci gaba. Za ki ga gefen turmin ya fara ƙyalli, sai mai ya tsattsafo, tunkuza ta haɗe waje ɗaya tana sulɓi a cikinsa. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, ruwan nan shi ke haɗe garin ya saki man.

Ranar da na yi asara kuwa, baƙi ne suka yi sallama, na juye ruwan gaba ɗaya don in gama da wuri. Ta yi fari, ta yi laushi, man ya ɓuya. Tiya huɗu na gyaɗa, ko kwalba ɗaya ban cika ba, kuma da kuɗin zan biya wa 'yata na makaranta. Na yi kuka ranar.

Uwargida, Maraɗi:
Allah ya mayar miki da alheri, Yaya. Nawa gajere ne. Kindirmo in ya kwana ya kama, za ki iya yankarsa da ludayi. Da zarar maburgi ya shiga, ya saki ke nan, ko kin ajiye shi har yamma ba zai koma yadda yake ba. Don haka iya wanda za a dama fura da shi nake burgawa.

Amarya, Jos:
Ni miyar kuɓewa ce ta ba ni kunya gaban dangin miji. Na kaɗa ta tana yauƙi har tana bin ludayi, sai na zuba tumatir da yawa, na rufe tukunya na bar ta tana ta tafasa. Da na buɗe yauƙin ya mutu. Surukata ba ta yi faɗa ba, ta ce gobe in sa 'yar kanwa, in rage tumatir, kuma in sauke da wuri.

Uwar goyo, Zariya:
Na gode, Allah ya saka. Hajiya, yau da safe na raba kunun biyu kamar yadda kika ce. Na ƙaramin kofin ya fara sakewa kafin ya gama, amma wanda na rufe, na juya shi sosai da cokali mai tsabta, har azahar yana nan da kaurinsa. Yaron ya sha sau uku, ya yi barci har la'asar.