Ta ina zan fara, kuma wa zan yarda da shi?

Tauraruwar Aboabo:

Assalamu alaikum. Shekarata 24, a Kumasi nake, ɗinki nake yi a shagon maigidana kusa da kasuwar Asawase. A gida da unguwa namiji aka san ni, amma tun ina makarantar allo na san a raina ni mace ce. An kira ni ɗan daudu, yaran Asante sun bi ni da Kojo Besia, sunan da suke kiran namiji mai ɗabi'ar mata, Yaya ya dake ni, an kai ni wurin malami na sha rubutu. Abin yana nan yadda yake. Yanzu na gaji da ɓuya, ina so in fara rayuwa a matsayin da nake jin kaina.

Wata ƙawata irina da ke sayar da gwanjo a kasuwar Kejetia ta ce in sayi ƙwayar tazarar haihuwa a kemis in riƙa shan biyu kullum, wai haka ta yi ƙirjinta ya fito. Sannan wani a Facebook ya ce akwai taron mutanenmu a Accra, in tura masa hotona, in hau motar VIP zai tare ni a tashar Circle. Ban da ƙawar nan ban san kowa irina ba, zuciyata tana son zuwa ƙwarai.

Ga shi Mma ta fara maganar aure bayan Babbar Sallah, da 'yar aminiyarta. Yarinyar ba ta yi mini komai ba, ba na so in cuce ta. Keken da nake ɗinki da shi ba nawa ba ne, ɗakin da nake kwana na gidanmu ne. Don Allah wanda ya bi hanyar nan ya faɗa mini ta ina ya fara.

Anti Maamobi:

Wa alaikis salam ƙanwata. Kafin komai, kada ki tura hoton nan, kada ki hau motar nan. Haka ake farautar mu. A yi ta hira da ke har ki saki jiki, a ce ki zo, ki shiga ɗaki ki tarar da ƙarti. Su ƙwace waya, su tilasta ki faɗi lambar sirrin MoMo, asusun kuɗinki na waya, su ɗauke ki bidiyo, daga nan duk wata sai kin biya ko su tura wa danginki. Sun san da wuya ki kai ƙara. A Nima a 2015 wasu samari da suka kira kansu Safety Empire sun yi wa wani mugun duka bayan an yaudare shi ya zo, bidiyon ya zaga ko'ina. Mutanen kirki ba sa neman hoto kafin su san ki. Wani da kika sani ne yake tsaya miki, a haɗu da rana a wurin cin abinci, a ga juna sau da yawa kafin a nuna miki gidan kowa.

Ki kuma cire ran cewa akwai wani ofis mai allo a ƙofa da za ki ƙwanƙwasa. 'Yan ƙungiyar LGBT+ Rights Ghana sun buɗe nasu a Accra ƙarshen Janairun 2021, bai kai wata ɗaya ba 'yan sanda suka rufe shi. A watan Mayu na shekarar aka kama mutum 21 a Ho suna taron koyon yadda ake kare haƙƙi, suka yi sama da mako uku a tsare, a Agusta kotu ta sallame su don babu hujja. Tun daga nan kowa ya ƙara taka-tsantsan. Ƙungiyoyin LGBT+ Rights Ghana da Rightify Ghana suna da shafukansu, ki rubuta musu ta can da sunan da ba naki ba, ki tambayi wanda suka amince da shi a Kumasi.

Abin da za ki tarar ba biki ba ne kamar na Amurka. Mu shida ne muke haɗuwa ranar Lahadi, a dafa waakye, a zuba adashi, wadda aka kora daga gida a samo mata tabarma a ɗakin wata. Muna faɗa, muna gulmar juna, akwai masu son zuciya a cikinmu kamar ko'ina. Amma ranar da maigidan haya ya watso kayana waje, su ne suka zo da taksi. A wurinsu aka fara kirana da sunan da na zaɓa, shekara biyu kafin in taɓa wani magani. Ni a wurina nan ne farkon.

Shawarata, fara da keke. Ki tara ki sayi naki, ki samu kwastomomin da lambarki suke da ita ba ta maigida ba, ki ajiye kuɗin haya a inda babu wanda ya sani. Jiki idan ya fara canjawa ba ya ɓoyuwa a cikin jallabiya, ranar da gida suka gane kina buƙatar wurin kwana a daren. Ki kuma sani Ghana Card ɗinki zai ci gaba da cewa namiji, a banki da shingen 'yan sanda shi za a duba.

Nas Tafo:

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ki bar ƙwayar nan, ki kuma gaya wa ƙawarki ta zo a auna ta. Yawancin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ɗauke da ethinylestradiol, wanda likitoci suka daina bai wa masu sauya jinsi saboda yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu. Biyu a rana ƙarin haɗari ne, balle ga mai shan sigari. Wanda ake bayarwa estradiol ne, galibi tare da spironolactone, shi kuma yana ɗaga sinadarin potassium, dole a riƙa gwajin jini ana duba ƙoda da hawan jini. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe, asibiti nan take.

Ki san abin da maganin yake yi da wanda ba ya yi. Nono yakan fara fitowa cikin wata 3 zuwa 6, kuma ba ya komawa ko kin daina. Murya ba ta canjawa, gemu ba ya ɓacewa, haihuwa tana iya tsayawa. Allurar silikon ta ɗaki kuwa kada ki kusance ta. Likitocin da za su duba ki ba tare da wulaƙanci ba suna nan amma kaɗan ne, ta hannun mutanen da Anti ta ambata ake samun su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 2019, don haka kada kowa ya ce miki hauka ne.

Hajiya Mai Koko:

Ɗana, ni uwa ce, ba zan yi maka ƙarya ba, ban yarda da canja halitta ba, abin da na karanta ya hana. Amma na karanta kuma cewa Imam Nawawi ya raba wanda aka halitta da ɗabi'ar mata da wanda ya ƙirƙira, ya ce na farko babu zargi a kansa. Duka da tozarci ba addini ba ne, yayanka bai kyauta ba. Kada ka bar sallah don mutane sun ƙi ka. Maganar aure kuma ka tsayar da ita yanzu, tun ba a kai goro ba. Na ga yarinya ta yi shekara uku a irin gidan auren nan tana zargin kanta. Ka ce wa mahaifiyarka ba ka shirya ba, ba ka da ɗaki ba ka da jari, wannan gaskiya ce.

Ɗalibin Lauya:

Ƙarin bayani kan doka. Sashe na 104 na dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960 yana hukunta saduwar da ya kira wadda ta saɓa ɗabi'a, ɗauri har shekara 3, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a Yulin 2024. Bai ambaci tufafi ko suna ba. Ƙudirin su ɗan majalisa Sam George shi ne ya nemi hukunta mutum don ya bayyana kansa kawai. Majalisa ta amince da shi ranar 28 ga Fabrairun 2024, shugaban ƙasa na lokacin Akufo-Addo bai sa hannu ba har wa'adin majalisar ya ƙare, a 2025 aka sake shigar da shi. Ki riƙe lambar lauya a ka, ba a waya kaɗai ba. Ana kuma kai ƙarar cin zarafi wurin CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ghana.

Tauraruwar Aboabo:

Na gode ƙwarai, har da ke Hajiya, maganarki ta yi mini nauyi amma na ji tausayin da ke cikinta. Na toshe mutumin Facebook. Da na ce ba zan tura hoto ba sai ya fara zagi, ya ce ya san shagonmu, duk da ban taɓa faɗa masa unguwa ba. Na adana saƙonnin. Gobe zan je Kejetia in karanta wa ƙawata abin da Nas ta rubuta, ta sha gaya mini ƙafarta ta hagu tana mata ciwo. Zan yi wa Mma maganar auren ranar Juma'a. Anti, ɗinkin Sallah zai kawo mini kusan rabin kuɗin keken hannu na biyu. In fara karɓar aiki a ɓoye tun yanzu, ko in jira maigida ya yaye ni tukuna?