Dabul bes a situdiyo: wane makirufo, kuma ina za a kafa shi?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum malamaina. Ina shirin ɗaukar kiɗan jaz na mutum uku a ɗaki ɗaya: fiyano, ganguna da dabul bes, wato babban kayan kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ke tsayawa a ƙasa. Makirufon da ke hannuna su ne AKG C414 ɗaya, Neumann KM184 biyu, Electro-Voice RE20 da Shure SM57. A gwaji na sa C414 yana kallon kafar f, wato ramin gaban bes ɗin mai siffar harafin f, a tazarar santimita 10, sai bes ɗin ya fito da ruri, wata murya ta kumbura, wata ta nutse, ga ganguna sun cika layin. Makirufon ne bai dace ba, ko wurin kafa shi? A taimaka.

Injiniyan_Sauti:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. C414 ba shi da laifi, inda ka ajiye shi ne matsalar. Kafar f ƙofar iskar cikin gangar jikin kayan ce, kuma iskar nan tana da muryarta guda da take ƙarfafawa, wajen 60 Hz, wato girgiza 60 a daƙiƙa. Duk muryar da ta faɗo kusa da nan za ta kumbura, sauran su biyo baya. Ga kuma abu na biyu: makirufo mai ji ta gaba kawai, wato kadiyoyid, yana ƙara kaurin sauti duk lokacin da ya matso kusa. Ka haɗa kauri biyu a wuri guda ke nan.

Kafin ka taɓa sandar makirufo, sa makaɗin ya yi ta kiɗa, kai kuma ka toshe kunne ɗaya, ka durƙusa a gabansa kana yawo da ɗaya kunnen sama da ƙasa. Inda ka ji katako da bugun yatsa sun zo daidai, nan ne wurin. Galibi za ka same shi a tsayin jakin tsirkiya, wato katakon da tsirkiyoyin ke hawa kansa, ko ɗan sama da shi kaɗan, santimita 30 zuwa 45 daga jikin kayan, a ɗan karkace zuwa ɓangaren tsirkiyar G, wadda ta fi sauran siranta. Bakin makirufon ya kalli tsakanin jakin da ƙarshen allon yatsu, kada ya leƙa cikin kafar. Ɓangaren tsirkiyar E, wato babbar tsirkiya, ya fi kaurin sauti saboda doguwar sandar katakon da aka manna daga ciki a wannan gefen, shi ya sa aka fi son gefen G idan ana neman tsabta.

Daga nan gyara da hannu ne. Sauti ya yi laka, ɗaga makirufon santimita 5 ko 10 zuwa allon yatsu. Ya yi siriri, ƙarar tsirkiya ta yi yawa, sauke shi ko ka matso. Sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, kana ɗaukar daƙiƙa 20 kana saurara a sifika.

Kuma ka duba makunnin yanke sautin ƙasa, wato mai kauri, da ke jikin makirufon. Tsirkiyar E tana 41 Hz, A tana 55, D tana 73, G tana 98. Ka yanke a 80, ka taɓa tushen tsirkiya uku cikin huɗu. A bar shi a kashe.

Tsohon_Tef:
Bayanin Malam Injiniya daidai ne idan bes yana ɗakinsa shi kaɗai. Amma mai tambaya ya ce da ganguna, kuma a santimita 45 faifan ƙarfe da ƙaramar ganga za su cinye layin. Dabul bes jikinsa ne babba, muryarsa ba ta kai jikin ba.

Fara da zama. Makaɗin bes ya fuskanci mai ganguna, domin bayan makirufon, inda kadiyoyid ya fi kurumta, ya kalli gangunan. Kada bayan makaɗin ya zama bango tsirara, don ƙarar ganguna za ta daki bangon ta dawo ta gaban makirufon. A sa allon tare sauti mai kauri a bayansa. A nisanta shi da kusurwa, aƙalla mita ɗaya daga kowane bango. Tsawon igiyar sautin 41 Hz ya haura mita 8, soson bango na santimita 5 ba ya yi mata komai, wurin tsayuwa ne magani. C414 yana da tsarin siffar takwas, wanda gefunansa biyu sun fi bayan kadiyoyid kurumta, sai ka auna gefen a kan gangunan. Sai dai bayansa yana ji kamar gabansa, kuma kaurin kusanci ya fi yawa a wannan tsari.

In duk wannan bai isa ba, a koma RE20. An ƙera shi don rage kaurin kusanci, ana iya kai shi santimita 15 ba tare da ruri ba. Akwai kuma tsohuwar dabara: a naɗe KM184 ko SM57 da soso, a cusa shi tsakanin ƙafafun jaki ko ƙarƙashin katakon da ke riƙe wutsiyar tsirkiyoyi, kansa yana kallon sama. Amfaninta shi ne makirufon yana bin kayan duk inda makaɗi ya juya. Illarta, soson da ya matse yana danne rawar jaki, sauti ya toshe. Kada ƙarfen makirufon ya taɓa katako, kuma a nemi izinin mai kaya tukuna.

Kunne_Biyu:
Ƙari kan batun makirufo biyu, tunda da wuya ka haƙura ba ka sa KM184 a allon yatsu ba. Ni dai shawarata, kada ka ƙara na biyu sai na farko ya gamsar shi kaɗai. Sauti yana tafiyar santimita 34 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Idan ɗaya yana santimita 30 ɗaya yana 60, bambancin zai sa su cinye juna a wajen 570 Hz, daidai inda jikin muryar yake. Ka daidaita tazararsu daga jaki da tef ɗin awo, ka haɗa sautinsu a tsakiyar sifikoki, ka danna maɓallin juya fes, mai kifar da igiyar sautin ɗayansu. Wanda ya fi cika, shi za ka bari.

Idan kayan yana da fikof, wato 'yar na'urar da ke ɗaukar girgiza kai tsaye daga jikinsa, irin Realist ko Fishman Full Circle, ɗauke shi a layi dabam don ko-ta-kwana. Yana buƙatar akwatin DI, mai haɗa fikof da na'urar ɗaukar sauti, wanda turjiyar mashigarsa ta kai megohm 1 ko sama, in ba haka ba kaurin zai gudu ya bar maka ƙwas-ƙwas. Sautin fikof yana riga na makirufo isowa, sai ka ja shi baya a kwamfuta har igiyoyin su hau juna.

Wani abin da ake mantawa: tsinken ƙarfen da kayan ke tsaye a kai yana tura girgiza cikin daɓen katako, ta hau sandar makirufo. A sa makirufon a mariƙi mai roba.

Sabon_Hannu:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: waƙa biyu da baka zai ja, ba da yatsa ba. Wuri ɗaya zan bari?

Injiniyan_Sauti:
A'a. Na farko dai hannun baka yana buƙatar fili, makirufon da ke santimita 30 zai sha duka. Na biyu, kusa-kusa kaushin gashin baka da ƙaron da ake shafa masa kawai za ka ji, wajen 2 zuwa 5 kHz. Ja baya zuwa santimita 60 ko 90, ka rage na allon yatsu ko ka kashe shi. Da akwai makirufon ribon irin Coles 4038 da ya fi laushi a nan, amma yana cin ƙarfin firiyam, wato na'urar ƙara wa makirufo ƙarfi, desibel 60 ko fiye. Tunda babu, karkatar da fuskar C414 kaɗan daga inda baka ke gogar tsirkiya. Ka liƙa tef a ƙasa a wuraren biyu, da kuma inda tsinken ke tsayawa, don komawa ta yi sauƙi. A waƙoƙin nan biyu ka roƙi mai ganguna ya yi amfani da buroshi maimakon sanduna in tsarin waƙar ya yarda.