Haɗuwar farko da ita: wane irin wuri zan zaɓa?

Baƙon Birni ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi mini dariya. Wata takwas ke nan da aiki ya kawo ni babban birnin nan, har yau ban san ko'ina ba sai hanyar ofis da ta gida. Akwai wata da muka haɗu a wajen taron horaswa na kwana biyu, muka karɓi lambar juna, yau sati uku muna hira ta waya. Shekaranjiya na yi ta maza na ce mu haɗu, ta ce to, amma ni zan zaɓi wuri. Tun daga lokacin barci ya ƙaurace wa idona.

Abokin zamana ya ce in kai ta wani gidan abinci da ke hawa na 12 a saman bene, wai daga can ana hango birnin gaba ɗaya, da ta gani za ta san ba da wasa na zo ba. Na duba hotuna, wurin ya tsaru, sai dai in na biya na mutum biyu a can, to sauran kwanakin watan sai addu'a. Wani abokin aikina kuma ya ce mashaya ta fi, wai can mutum ya fi sakin jiki. Ni ba na shan giya, ita ma ban tambaye ta ba. Ga nisa: ni ina gabas, ita tana yamma, in hanya ta cushe awa ɗaya da rabi ce tsakaninmu. Waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, ina zan dosa?

Tsohon Tuzuru ya amsa:

Ƙanena, rabu da hawa na 12. Na taɓa yin irin wannan, har yau in na tuna sai in ji kunya. Wurin irin wanda ake kawo abinci kashi-kashi ne, a ɗauke wannan faranti a jira a kawo wancan. Ba mu yi minti ashirin ba ni da ita muka gane hanyarmu ba ɗaya ba ce, amma ga abinci an riga an yi oda. Awa biyu da rabi muka yi, ni ina juya cokali, ita tana ninke tsumman goge baki tana warwarewa. Mai kawo abinci ya zo sau huɗu yana tambaya ko komai lafiya.

Nemi inda za a zauna a sha wani abu, minti arba'in zuwa awa ɗaya, kowa yana iya tashi ba tare da an ji nauyi ba. Sannan ka riƙe wuri na biyu a zuciyarka, wanda za a taka da ƙafa cikin minti biyar. In hira ta yi daɗi, ka ce ko mu ƙarasa can mu ci wani abu. In ba ta yi ba, ka raka ta ta samu abin hawa, shi ke nan.

Mai Gyaran Sauti ya amsa:

Malam, ni sana'ata haɗa lasifika ce a ɗakunan taro, don haka ta wannan ɓangaren zan zo maka. Abin da ke kashe haɗuwar farko a manyan birane, fiye da tsada, hayaniya ce. Hira ta yau da kullum tana kaiwa kamar desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Mashaya ko gidan abincin da ya cika da dare yana iya kaiwa 80 ko ya wuce, kuma duk ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar. Wani likitan kunne Bafaranshe, Étienne Lombard, ya yi bayani tun 1911 cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan ƙara ta yi yawa a kusa da shi. To ka ga in teburi arba'in kowa ya ɗaga, sai wurin ya koma kasuwa. Ka tambaye ta 'yan'uwanta nawa, ta ce na'am, ka maimaita, ta sake cewa na'am, a karo na uku sai ka yi murmushi kawai ka haƙura. Maganar da ke buƙatar a sassauta murya kuwa ba za ta fito ba sam.

Daga hoto ma za ka iya ganewa. In ka ga ƙasa tayil, bango gilashi ko siminti tsirara, rufi mai tsawo, kujeru na ƙarfe, to sauti zai yi ta dawowa. In ka ga labule masu kauri, darduma, kujeru masu laushi, wannan wurin yana shanye ƙara. Wuraren zamani masu kyau a hoto galibi su ne suka fi muni a kunne.

Ka je da kanka tukuna, a irin ranar da irin lokacin da kuka sa. Wurin da yake tsit ranar Talata da yamma ba shi ne na daren Asabar ba. Google Maps yana nuna sa'o'in da wuri ya fi cika, ka duba. In ka je, nemi teburin lungu, nesa da lasifika, nesa da ƙofar kicin da ta banɗaki. Kuma in teburin mai kusurwa huɗu ne, ku zauna a kusurwa, ba gaba da gaba kamar masu ganawar neman aiki ba. A kusurwa kuna kusa, ga kuma inda ido zai huta in an yi shiru.

Yayar Kowa ta amsa:

Duk maza ne suka yi magana, bari in faɗi yadda abin yake a wajenmu. Ɗan'uwa, kai kana tunanin burge ta, ita tana tunanin yadda za ta koma gida. Sati uku na waya ba sani ba ne. Zaɓi wuri a tsakiyar hanya, ko ma ya ɗan fi kusa da ita, a bakin babban titi mai haske inda abin hawa ba ya wuya. Kada ka nace sai ka je ka ɗauko ta, wataƙila ba ta so ka san ƙofar gidansu tun yanzu. Tura mata sunan wurin tun kwana biyu kafin ranar, don ta duba ta kuma gaya wa wata. In ka ga tana taɓa waya da zuwanta, ƙila tana tura wa ƙawarta inda take ne ta WhatsApp, kada ranka ya ɓaci. A Ingila har tsari aka fito da shi a 2016, inda mace za ta je wajen ma'aikatan mashaya ta ce tana neman Angela, su gane tana cikin damuwa su fitar da ita lafiya. Ka ga ba raki ba ne.

Maganar mashaya kuma, kai da ba ka sha me za ka je yi? Ka zauna kana ƙifta ido? Tambaye ta kai tsaye ko akwai abin da ba ta ci ko ba ta sha. Ba ta wurare biyu ta ɗauki ɗaya, ya fi ka ce mata duk inda kike so. Kuɗi kuwa, kai ka gayyata, ka shirya biya. In ta ce za ta biya nata, ka ce a'a sau ɗaya, in ta dage ka bar ta.

Tsohon Tuzuru ya sake amsa:

Yaya ta gama magana. Abu ɗaya na manta: kada ka yi odar abin da zai ɗiga maka a riga.

Baƙon Birni ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Jiya bayan an tashi aiki na leƙa wurare uku. Na farko ko muryata ban ji ba da na yi sallama. Na biyu yana cikin wani lungu mai duhu, na tuna da maganar Yaya na juya. Na uku ƙarami ne, yana da labule da kujeru masu laushi, tashar mota tana tsallaken titi. Na tura mata shi da wani, ta ɗauki wannan ɗin, ta ce ashe ma kusa yake da gidan 'yar'uwarta. Mun sa Alhamis ƙarfe biyar. Na roƙi mai wurin ya ajiye mini teburin da ke jikin taga, ya ce ba sa ajiyewa, sai dai in riga kowa zuwa, don haka na nemi izinin tashi daga ofis ƙarfe uku da rabi.