Kaligirafi da Hausa: haɗɗi ko rubutun zayyana?

1/
Jama'a, akwai abin da nake so mu tsayar masa da sunan Hausa tun kafin bakinmu ya saba da na aro. Matasanmu da yawa yanzu, maza da mata, sun kama koyon rubuta aya ko hadisi ko baitin waƙa da alƙalami mai faɗin baki. Wani ya sa a gilashi ya rataye a falo, wata ta yi wa amarya gudummawa da shi, wani kuma don jin daɗin ransa kawai yake yi in ya taso daga aiki. Wasu da Larabci, wasu da ajami, wasu da boko. In ka ce me kuke koyo, sai su ce kaligirafi.

Kalmar Turanci ce, su ma Turawan daga Girkanci suka ɗauko ta, inda take nufin kyakkyawan rubutu. Ni ba na ƙyamar aro. Allo da alƙalami da tawada duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Amma abin da babu a gida shi ake fita arowa, wannan aiki kuwa ya daɗe a wurinmu.

2/
Akwai Alƙur'ani na ƙasar Barno, rubutun hannu, da shekararsa a jikinsa, wadda ta yi daidai da 1669. Hannun Barno da hannun Kano dangin rubutun Magrib ne, wato na Arewacin Afirka, shi ya sa fa ɗinmu ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin na mutanen gabas. Duk wanda ya taɓa kwance gafaka ya buɗe na hannu ya san baƙaƙen nan masu kauri, wasulla da jar tawada, hamza ɗigon rawaya. Har gobe akwai alarammomin da ke zama su rubuta izu sittin da ka, takarda bayan takarda, ba su duba ko'ina ba. A Kano, hannun marigayi Sharu Bala Gabari ya shiga gidaje da makarantun allo ba iyaka, domin an riƙa ɗaukar rubutunsa yadda yake ana bugawa a maɗaba'a. Mutanen da ke da wannan gado bai kamata a ce sai da bakin wani za su ambaci aikin ba.

3/
Bari in fara da waɗanda na ga ba za su yi ba.

"Rubutun hannu" ya yi faɗi. Lissafin bashin mai shago ma rubutun hannu ne. "Fasahar rubutu" tuni marubuta labari da waƙa suka riƙe ta. In ka sanar da taron fasahar rubutu, masu ƙagaggun labarai ne za su cika zauren. "Zane" kuwa ba na son a jingina shi da aya, kuma mai yin aikin ba zai yarda a ce zanawa yake yi ba. "Rubutun ƙawa" yana da daɗin faɗi, sai dai a rubuce ƙawa uku gare mu: ta ado, ta aminiya, da ta marmari.

4/
Wanda ya fi jan hankalin mutane shi ne "kyawun rubutu" ko "kyawun hannu", tunda shi ne fassarar kai tsaye. A nan nake so mu ɗan tsaya.

Kyawun hannu baiwa ce. Yaro ɗan aji uku yana iya samunsa ba wanda ya koya masa. Abin da muke nema wa suna kuwa ilmi ne mai awo. Tun zamanin Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940, ake auna harafi da ɗigon alƙalamin da aka rubuta shi da shi. Ka ɗora bakin alƙalami a karkace, ka ja shi kaɗan, ya bar ɗigo mai kusurwa huɗu. Wannan ɗigo shi ne ma'auni. Alif a salon rubutun da ake kira Sulusi yakan kai ɗigo bakwai, a salon Naskhi wajen biyar. Cikin nun, jelar ra, buɗewar kaf, kowanne da adadinsa. Ibnul Bawwab da Yaƙutul Musta'asimi suka biyo baya suka ƙara gyarawa, har aka tsaya a kan manyan hannuwa shida. Mai koyo yakan cika takardu da harafi ɗaya tak, malami ya karɓa ya bi da jar tawada yana jera ɗigo a gefen kowane harafi, a ga inda ya gaza da inda ya zarce.

Mu ma a tsangaya haka ne, ko da ba da wannan lissafin ake yi ba. Dubi alaramma yana fiƙe alƙalamin gamba. Ya sassaƙe gefe ɗaya, ya tsaga bakin kaɗan don tawada ta sami hanya, sannan ya datse kan a karkace, ya gwada a kan farcensa. Kaurin kowane baƙi a wannan datsewar yake. In ta kauce, shafin duka ya kauce. Sunan da za mu sa dole ya nuna aiki ne da ake koya a gaban malami, ba sa'ar yatsu ba.

5/
Sai babbar mai takara: haɗɗi. Ita ce kalmar da Larabawa ke kiran wannan ilmi da ita, Turkawa da Farisawa ma daga gare ta suka ɗauka. Yadda take fita a bakin Bahaushe ba ƙirƙira ba ce. Hanyar da ɗalibi da sharaɗi da haɗari suka bi ta shigo, ita ta bi. Gajeriya ce, tana da asali, kuma malamai sun san ta. Har UNESCO ta sa wannan ilmi na Larabci cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2021.

Matsalarta biyu ce. Ta farko, yawancin mutanenmu ba sa sa lanƙwasa a waya. Haɗɗi zai koma haddi, wato hukuncin shari'a, ga kuma hadda a maƙwabtaka. Ka rubuta "makarantar haddi" ka ga me za a fahimta. Ta biyu, in wata ta rubuta baitin waƙar Hausa da boko, da alƙalamin ƙarfe irin na Turawa, ba wanda zai ji daɗin kiran aikinta haɗɗi. Kalmar ta manne wa baƙaƙen Larabci.

Ba na cewa a yar da ita. A bar ta a kan salo: haɗɗin Barno, haɗɗin Kano, haɗɗin Kufi, haɗɗin Usman Ɗaha da ya rubuta Alƙur'ani bugun Madina. A nan ba ta da kishiya.

6/
Shawarata ga sunan aikin gaba ɗaya ita ce RUBUTUN ZAYYANA.

Ga dalili. Almajiri kullum yana rubutu a allo da tawadar zuge, ta gawayi da ƙaro. Ya biya, ya haddace, ya wanke, allo ya bushe, ya sake wani. Wannan rubutu an yi shi ne don ya tafi. Amma in sauka ta zo, sai a nemi allo na musamman, a kai wa wanda hannunsa ya fi na kowa, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, a kewaye da launuka. Shi ne allon zayyana. Ba a wanke shi. A zaga da shi gidajen dangi, a riƙe shi da hannu biyu, daga baya a adana. Haka ma a takarda: tawadar yambari ta bagaruwa da kashin maƙera ake sawa, wadda ke kama takarda ta zauna.

Ke nan Bahaushe ya riga ya raba rubutu biyu da kansa, akwai na biyawa a wanke, akwai wanda ake ɓata lokaci a kansa don ido ya gani ya girmama abin da aka rubuta. Na biyun shi muke nema wa suna, kuma kalmar zayyana tana tare da shi tun tuni. Ginin ma namu ne: rubutun allo, rubutun sha, rubutun boko, rubutun ajami, rubutun zube. Sabon ya shiga layinsu ba tare da an tura shi ba. Sannan babu harafi mai lanƙwasa a cikinsa, kowace waya za ta rubuta shi daidai.

7/
Allah ya gafarta Malam, na ga gyaranka, cewa zayyana ita ce adon da ke kewaye da rubutu da alamun hizbi da sumuni, ba baƙaƙen ba, kuma sau da yawa mai rubutu daban, mai zayyana daban. Gaskiya ne, ban musa ba. Shi ya sa ban ce a kira aikin "zayyana" kawai ba. Zayyana ta tsaya a inda kuka san ta. Amma in an ce rubutun zayyana, rubutu ne a gaba, zayyana tana bayyana irinsa ne, kamar yadda ba wanda ke jin "allon zayyana" ya ɗauka ba allo ba ne.

Kuma Malam, wannan jeri na sa rubutu gaba da zayyana yana da amfani ga yaranmu masu koyo a intanet. Wasu sukan ga an murɗe aya an mai da ita siffar tsuntsu ko jirgin ruwa, su kwaikwaya, har a rasa ina farko ina ƙarshe, wani lokacin ma harafi ya faɗi. Sunan da ya sa rubutu a gaba yana tuna musu cewa dole a iya karantawa, kuma rasamun Alƙur'ani wato yadda aka tsara rubuta kalmominsa, ba a taɓa shi don neman kyau. Wanda ke gwaji ya yi da baƙaƙe zalla ko da karin magana, in hannu ya zauna sannan ya matsa ga aya da alwalarsa. Takardun gwajin da ke da sunan Allah kuma ba a zuba su a bola.

8/
'Yar'uwa mai tambaya ko na boko ya shiga: ya shiga. Rubutun zayyana na boko, na ajami, na Larabci. Har na Sin da Japan da ake yi da burushi ana iya kiransa haka ba tare da kunne ya ƙi ba, abin da haɗɗi ba zai iya ɗauka ba.

Ɗan'uwa daga Damagaram ya ce su ma a can kaligirafi suke ji, tunda Faransanci da Turanci sun haɗu a kan kalmar. Wannan ma ƙarin dalili ne. Allon zayyana a Damagaram da Maraɗi shi ne a Katsina da Zariya.

Wanda ya ce 'yan jarida suna amfani da zayyana da ma'anar jero bayani, kamar "ya zayyana dalilansa", haka ne, amma wancan aikatau ne. Ba za su yi karo a jimla ba.

9/
Mu gwada shi a baki. Tana koyon rubutun zayyana a wurin wani malami a unguwarsu. An buɗe ajin rubutun zayyana ranar Asabar. Cibiyar binciken tarihi da al'adun Musulunci ta IRCICA da ke Istanbul tana shirya gasar rubutun zayyana ta duniya tun 1986. Wane haɗɗi kake yi, Sulusi ko na Kano? Duk sun zauna.

Saura sunan mai yi. Wani ya kawo "mazayyani". Ginin daidai ne, amma zai koma kan mai ado, mu sake faɗawa cikin abin da Malam ya yi gargaɗi a kai. "Mai rubutun zayyana" da "masu rubutun zayyana" sun wadatar. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada mu yi saurin cewa "gwani" ga duk wanda hannunsa ya faɗa. A tsangaya wannan laƙabi ne na wanda ya ƙure a haddar Alƙur'ani da sanin harjinsa, wato sau nawa kalma ta zo a cikinsa da inda ta zo, ana shekaru kafin a kai gare shi. Wanda ya ƙware a alƙalami a ce masa ƙwararren mai rubutun zayyana, in kuma yana koyarwa, malamin rubutun zayyana.