Kifin da ya zuba ƙwai bai mutu ba: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina fassara wani bayani kan kifayen yammacin Amurka, sai kalmomi biyu suka tsaya mini a maƙoshi: steelhead da kelt. Na sa su yadda suke, na karanta da ƙarfi, sai na ji kamar na tauna tsakuwa a shinkafa.

Ga kifin steelhead dai tukuna. Asalinsa kogunan da ke zuba a tekun Fasifik ne, daga Kalifoniya har Alaska, da yankin Kamcatka na Rasha. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara 1 zuwa 3 a nan, sannan ya gangara teku ya ci ya yi ƙiba, ya juyo ya hauro kogin da aka haife shi don ya hayayyafa. Wato dai ɗan ci-rani ne. Ban ma tsaya neman wata kalma ba kan wannan ɗabi'a, "kifi ɗan ci-rani" ya wadatar.

Sunan nasa kuwa, wani ya ce mini in bar shi "kan-ƙarfe", tunda abin da Turancin ke nufi ke nan, saboda bayansa da kansa masu duhun shuɗi kamar ƙarfe. Na karɓa. Mutanen da suka raɗa wa kifi giwan ruwa da ragon ruwa ba za su yi gardama da kan-ƙarfe ba.

Rigimar tana kan kelt. Wannan suna ne na kifin bayan ya gama zuba ƙwai. Abin da ya sa har aka ba shi suna na daban: 'yan'uwansa kifayen salmon na Fasifik, da zarar sun zuba ƙwai sai mutuwa, gawarsu ta cika bakin rafi. Shi kan-ƙarfe ba dole ba ne ya mutu. Yana iya komawa teku, ya murmure, ya sake dawowa.

Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar "koma-baya", don masunta a manyan tafkunan Amurka, inda aka kai kifin tun ƙarni na 19, suna kiransa da sunan da ke nufin mai ja da baya. A'a malam. Koma-baya a kunnen Bahaushe faɗuwa ce, shi kuwa wannan kifi tsira ya yi. Wani ya ce "ramamme". Gaskiya yana ramewa, ciki ya shafe, jela ta yage saboda tonon tsakuwa, amma kowane kifi mara lafiya ramamme ne.

Sai wata yayarmu ta jefo kalma ɗaya: "mai jego". Na yi dariya da farko, daga baya na daina.

Ku duba. Tambayar da bayanin ya zo amsawa ita ce: kwana nawa kifin ke yi a kogi bayan zuba ƙwai? Wannan zaman shi ne jegon. Sai dai nasu ba shi da arba'in. Zuba ƙwai yakan kama daga ƙarshen hunturu zuwa farkon ɗumi, wajen Janairu zuwa Yuni, gwargwadon kogi. Macen takan tona rami a tsakuwa da jelarta, ta zuba, namiji ya barbara, ta rufe. Daga nan ba ta da sauran aiki, ba ta gadin 'ya'ya, takan kama hanya cikin 'yan kwanaki, ko ta raɓe a gurbi mai zurfi ta huta. Wasu sai sun yi makonni suna gangarawa a hankali, sun soma cin abinci. Ruwa in ya ƙaru ya yi ɗumi, tafiya takan yi sauri.

Namijin ne mai dogon zama. Yakan tsaya yana dakon wata macen, yana faɗa da sauran maza, har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya sa mafi yawan waɗanda ke dawowa karo na biyu mata ne. Aka ce to shi ma mai jego za a kira shi? Yayar tamu ta ce haba, ai yana da sunansa tun tuni: angon ƙarni. Nan kam na miƙa wuya.

Abin da ya ƙara ɗaure ni ga kalmar shi ne kogin Kolombiya na arewa maso yammacin Amurka. Kifin da ya zuba ƙwai a jihar Idaho sai ya ratsa madatsun ruwa 8 kafin ya ga teku, ga yunwa ga rauni, kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa. Don haka al'ummar Yakama, 'yan asalin ƙasar a jihar Washington, sukan kama su a garin Prosser a kan kogin Yakima, su sa su a tankuna, su yi musu magani, su ciyar da su na watanni, sannan su sake su. Ku gaya mini, me ya raba wannan da wankan jego da kunun kanwa?

Wani malamin kimiyya ya yi ƙorafi cewa jego na mutum ne, ɗalibi zai ɗauka kifin haihuwa yake yana shayarwa. Ƙorafi ne mai ƙarfi. Amma mun daɗe muna cewa kwanciyar kaza, ba wanda ya zaci gado take nema. A rubutun makaranta sai a fara da "kifin da ya gama zuba ƙwai", a biyo da "mai jego", daga nan kalmar ta riƙe kanta.

Abin da na sa a fassarar ke nan: kan-ƙarfe, ɗan ci-rani, mai jego. Angon ƙarni na ajiye shi don hira, edita ba zai bari ba. Amma ƙofa a buɗe take: Sarkawan Argungu da Yawuri, in kuna da sunan da kuke kiran tarwaɗar da ta gama zuba ƙwai a fadama da damina, ku faɗa, in goge nawa in sa naku.