Malamai ne ko masu raino?

Maman Biyu: Salamu alaikum jama'a. Don Allah ku taya ni ji. 'Yata shekararta huɗu, wata uku ke nan tana zuwa aji. Jiya na buɗe jakarta, littafin rubutu fes, ko harafi ɗaya babu. Na ce me kuka yi yau? Wai sun zura maɓallai a zare, sun juye ruwa daga kofi zuwa kofi, sun yi waƙa. Riga kuwa duk fenti. Ni fa makaranta na kai ta. Waɗannan ba malamai ba ne, masu raino ne kawai.

Malamar Ƙanana: Wa alaikumus salam. Hajiya, ƙorafinki na ji shi, amma "masu raino"? Shekara tara ina riƙe da ajin 'yan uku zuwa biyar, yau an sauke ni daga malama an mayar da ni mai raino. To madalla.

Abu Yasir: To raino zagi ne? Duk wanda ke nan rainonsa aka yi.

Malamar Ƙanana: Malam, ba rainon ba ne matsalar, "kawai" ɗin da ta ƙara ne.

Maman Biyu: Malama ban ambaci sunan kowa ba. In kin tsargu ke kika sani.

Malamar Ƙanana: Ban tsargu ba. Amma ki zo ki tsaya a bayan yaro yana zura maɓalli. Zaren na lanƙwashewa, ramin ƙarami, ya fito da harshe, ya kama da babban yatsa da manuni, ya kuskure sau huɗu, na biyar ya shiga. Yatsun nan su ne za su riƙe fensir gobe. Wanda aka damƙa wa fensir tun hannunsa bai yi ƙwari ba, dunƙule shi yake yi kamar zai soki takarda, ya gaji, ya tsani rubutun.

Gaskiya Ɗaya: Dogon turanci. Ƙanena yana shekara uku ya iya rubuta ɗaya zuwa ɗari, ba maɓalli ba zare.

Anti Zee: Rubutawa ko kwafa? Ka zuba masa tsakuwa bakwai a lokacin ka ce ya ƙirga ka gani.

Gaskiya Ɗaya: Yanzu injiniya ne, sai ki je ki zuba masa.

Tsohon Hedimasta: Ku yi haƙuri in sa baki. Wannan tsari ba malamar 'yarki ta ƙirƙiro shi ba, 'yata. Friedrich Froebel ne a Jamus ya raɗa wa irin ajin nan suna Kindergarten a 1840, kuma ma'anar sunan lambun yara, da ƙwallo da guntayen katako yake koyarwa. Maria Montessori, likita ce, ta buɗe nata a birnin Rum a 1907, juye ruwa da ɓalla maɓalli suna cikin darasinta. Har haruffa na takarda mai kaushi ta yi, yaro ya shafa da yatsa kafin ya taɓa alƙalami. Shi ruwan ma akwai lissafi a ciki. Ki zuba ruwa daidai a kofi biyu, ki juye ɗaya a dogon kofi siriri a gaban 'yarki, ki tambaye ta wanne ya fi yawa. Da wuya ba dogon za ta nuna ba. Jean Piaget, masanin tunanin yara, ya yi suna da wannan gwajin.

Abu Yasir: Baba ka ce lambu. Mai lambu ai raino yake yi. Ashe Hajiya ba ta yi ƙarya ba.

Malamar Ƙanana: Malam kai wane ɓangare kake ne? Ɗazu kana nan, yanzu kana can.

Abu Yasir: Ina ɓangaren kalmar raino, an wulaƙanta ta.

Anti Zee: A Finland ma sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare.

Gaskiya Ɗaya: Kin je ne?

Anti Zee: Sai na je? Kai ka taɓa zuwa wata kafin ka yarda akwai shi?

Gaskiya Ɗaya: Wata ina ganinsa kullum. Ni dai na ga wani bincike da ya ce yaron da bai iya karatu da wuri ba shi ke nan an bar shi a baya.

Tsohon Hedimasta: Wane bincike, ɗana? Wa ya yi shi?

Gaskiya Ɗaya: A Facebook na gani, zan nemo.

Ummu Hanan: Ni abin da ya dame ni, me ya sa maza suka fi zaƙewa a maganar nan? Waninku ya taɓa wuni da yara ashirin, wannan na kuka, wancan zai shiga banɗaki, wata ta ƙwace wa wata kalar zane?

Abu Yasir: Kin ga, abin da kika lissafa ɗin nan sunansa raino.

Ummu Hanan: Ba da kai nake ba.

Gaskiya Ɗaya: Duk masu kare abin nan ku duba da kyau, ko malamai ne ko masu makaranta. Kowa tasa yake gyarawa.

Malamar Ƙanana: Ni albashi nake ɗauka, ko maɓallin ajin ba nawa ba ne. Ka janye.

Gaskiya Ɗaya: Ban kira suna ba.

Shugabar Zaure: To ya isa haka. Ga abin da aka cimma: kowa ya amince cewa wasan yara karatu ne, Baba Hedimasta ya kawo hujjoji ba wanda ya iya musawa, kuma kalmar raino ba ta dace da mu malamai ba. Masu cewa a fara rubutu da wuri ba su kawo komai ba sai labarin ƙane. An rufe.

Abu Yasir: "Mu malamai"? Ashe alƙaliyar ma 'yar gida ce. Ni ban amince da na ukun ba.

Maman Biyu: Ni ma ban janye ba. Tambayata ɗaya ce, yaushe za a fara rubutu a littafin nan, kuma har yanzu ba wanda ya amsa. Ruwan dai na gwada yanzu, dogon kofin ta nuna. Amma fentin rigar ya ƙi fita.