Manitol ya daina riƙe matsin cikin ƙoƙon kai, me ya rage?

Salamu alaikum, abokan aiki. Ina neman shawara kan majinyaci mai nauyin kilo 70 da ya samu mummunan rauni a kai, yau kwana uku yana kan na'urar numfashi. Hoton CT ya nuna kumburin ƙwaƙwalwa, babu tarin jinin da za a yi wa tiyata.

Mun ɗaga kan gado zuwa digiri 30, mun daidaita wuya, mun ƙara maganin barci, mun sauke zazzaɓi. Muna ba shi manitol (maganin da ke janye ruwa daga ƙwaƙwalwa don rage matsi) na kashi 20, giram 0.5 kan kowane kilo, wato mililita 175 cikin minti 20, duk bayan awa shida, ta layi mai matata. Ranar farko matsin cikin ƙoƙon kai yakan sauko daga 28 zuwa 15 mmHg ya zauna awanni. Yanzu ko awa biyu ba ya kaiwa sai ya koma sama da 25.

Abin da ya fi damuna ƙoda ce. Fitsari ya yi ta zuba har matsin jini ya faɗi, duk da muna mayar da ruwa. Osmolalitin jini (ma'aunin yawan sinadaran da suka narke a cikinsa) ya kai 322, sodiyam 151, kiriyatinin (sinadarin da ake auna aikin ƙoda da shi) kuma yana hawa. Ina zargin manitol ɗin ya fara ratsa lalataccen shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, yana jawo ruwa ciki maimakon fitar da shi.

Da sodiyam 151, za ku dakatar da manitol ku koma ruwan gishiri mai ƙarfi na kashi 3, ko kuwa lokacin tiyatar buɗe ƙoƙon kai ya yi?